Kafin Ka Nemi Mai Zuba Jari, Wa Ya Taɓa Biyan Ka?

Kusan duk matashin da ya iya rubuta manhaja a Samaru ko Kongo, a nan Zariya, ya haddace tarihin waɗanda suka kafa manyan kamfanonin fasaha fiye da yadda ya san tarihin gidansu. Ya san a garejin mota Apple ya fara. Ya san Mark Zuckerberg bai ƙarasa karatu a Harvard ba. Ya san kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200, kuma tun ranar da labarin nan ya fito akwai waɗanda ba su ƙara yin barci mai nauyi ba. Ban ga laifinsu ba. Yaron da ya ga 'yan ƙasarsa biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, sun gina abin da aka taso daga Amurka aka saya da waɗannan maƙudan kuɗi, dole zuciyarsa ta raya masa cewa shi ma zai iya. Inda nake da magana shi ne a kan darasin da ake tsinta daga labaran nan, da wanda ake tsallakewa.

Wanda ake tsinta kowa ya san shi. A samo dabara, a raɗa mata sunan Turanci, a zana tambari, a buga riguna, a shirya bayani mai hotuna, a shiga gasa, a fara neman mai zuba jari. Wanda ake tsallakewa kuwa shi ne dogon lokacin nan marar daɗin labari da kusan kowannensu ya shafe yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana lallashinsu su gwada kayansa, su kuma biya. Ni a wurina ma'aunin guda ne. In har ba a samu wani wanda ba ɗan'uwanka ba, ba abokinka ba, ba malaminka ba, ya sa hannu a aljihu ya biya ka, sannan ya dawo wata mai zuwa ya sake biya, to ba ka kafa kamfani ba tukuna. Aikin makaranta ne a hannunka, ko da kuwa ya yi kyau.

Masu Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiyi da mai ɗakin haya, kuɗi ya ƙare musu ƙaf a 2008, har suka koma sayar da kwalayen abincin karin kumallo masu hoton 'yan takarar shugabancin Amurka, dala 40 kowane kwali, don su samu na riƙe rai. Wannan ɓangaren ake yawan bayarwa, saboda yana da ban dariya. Abin da ya ɗaga su kuwa a 2009 ya faru. Sun lura cewa 'yan kwastomomin da suke da su yawancinsu a birnin Niyok suke, sai suka taso daga Kalifoniya suka je can, suka yi ta bin gidaje suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna ɗaukar hotunan ɗakunan da hannunsu, domin waɗanda masu gidajen ke ɗorawa ba sa jan hankalin kowa. Patrick da John Collison, wa da ƙane masu Stripe, in mutum ya ce musu zai gwada kayansu, ba sa cewa to za mu aiko maka. Nan take suke karɓar kwamfutarsa su saka masa. Ashe su ma sun san zuwa da kai ya fi saƙo.

Ba ma sai mun ƙetare teku ba. Misalin da ya fi kowanne ƙarfi yana kan teburin mai shago daga Kwangila har Ƙofar Doka, wato na'urar POS. Tosin Eniolorunda ya yi shekaru yana aiki a kamfanin biyan kuɗi na Interswitch kafin shi da Felix Ike su kafa TeamApt a 2015. A shekarun farko ba wanda ya san da su a titi. Manhajoji suke rubuta wa bankuna, bankunan na biyansu, da wannan kuɗin suke biyan albashi. A cikin aikin ne suka gano inda bankunan ke barin mutane a rana, sai a 2019 suka fito da Moniepoint don masu sana'ar cire kuɗi da turawa. Ka tambayi ɗan POS a PZ ko Tudun Wada dalilin da ya sa ya riƙe na'urar da yake riƙe da ita, ba zai yi maka zancen fasaha ba. Zai ce kuɗi na shiga nan take, in an cire wa kwastoma kuɗi bai fito ba ana mayar masa da wuri, in na'ura ta ƙi aiki akwai mutum mai suna da lambar waya da zai kira ya zo. Da aka shiga wahalar canjin takardun naira a farkon 2023, lokacin da manhajojin manyan bankuna suka riƙa sandarewa, mai shayi da mai tsire da ba su taɓa yarda da tiransifa ba suka koma wajen waɗanda alat ɗinsu ke shigowa, su Moniepoint da OPay da PalmPay. A Oktoban 2024 Moniepoint ya karɓi jarin dala miliyan 110 da ya kai darajarsa sama da dala biliyan ɗaya. Shekara tara ke nan da kafa shi. Matasanmu sun riƙe biliyan ɗin, sun manta da taran.

Na san abin da za a ce, domin na sha jin sa: mutanenmu ba sa biyan kuɗin manhaja. Haka ne, kuma ba ƙaramar matsala ba ce. Ka ce wa mai kanti a kasuwar Sabon Gari ya riƙa biyan naira dubu biyar duk wata don wani abu da ke cikin wayarsa, zai dube ka ya ce Allah ya kyauta. Amma mutumin nan yana biyan cajin POS kullum bai yi gardama ba. Yana biyan la'adar dillali, yana biyan ɗan dako, yana biyan direban da ke ɗauko masa kaya daga Kano, yana biyan yaron da ke riƙe masa littafin bashi. Yana biyan duk abin da ya ga yana ƙaro masa ciniki ko yana toshe masa ɓarakar da kuɗi ke zurarewa. Aikin mai kafa kamfani shi ne ya nemo inda kuɗi ke tafiya tun kafin zuwansa, ya tsaya a kan hanyar da aikin da ya fi na da sauƙi ko aminci. Wannan kuwa ba a gano shi daga ɗakin kwanan ɗalibai.

Bari in tsaya a kan dabarar da ta fi kowace yawan maimaituwa a garin nan: manhajar da za ta haɗa manomi da mai saye kai tsaye, a kawar da dillali. Kowace shekara sai an sake gina ta da sabon suna. Kuma abin fahimta ne, garin da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, ga fadamun Galma, ga raken Makarfi, ga hatsin Giwa da Soba, dole tunanin yaro ya karkata ga gona. Sai dai kafin ka kori dillali ya kamata ka zauna ka ga me yake yi. Shi ne ke ba mai noman rani bashin iri da taki da kuɗin man injin ban-ruwa tun kafin shuka. Shi ke samo kwanduna, ya samo mota, ya san direban da zai kai tumatir kasuwar Mile 12 a Legas bai kwana biyu a hanya ba. Ya san wanda ke biya a can da wanda ke cinye kuɗin mutane. In mota ta lalace kaya suka ruɓe, da shi za a zauna a raba asarar. In matar manomin ta haihu ko ɗansa ya kwanta asibiti, ƙofarsa za a buga da dare. Yana cin riba, wani lokaci ribar ta wuce hankali, ban musa ba. Amma manomin da ka ce ya bar shi ya koma manhajarka zai tambaye ka abu ɗaya: kai za ka ba ni takin? In amsarka a'a ce, hira ta ƙare.

Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a 2012 kuma ya fara aiki da manoman masara a nan jihar Kaduna, ta wannan ƙofar ya shiga. Yana haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, waɗanda suka yarda da juna, ya ba su iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya taimaka da ajiya da neman kasuwa bayan girbi. Akwai manhaja a ciki, amma a hannun ma'aikatan da ke zagaya gonaki take, tana taimaka musu da lissafi da sa ido. Sun ɗauki nauyin da dillali ke ɗauka, sannan suka sa fasaha ta rage musu wahalarsa.

Matsalolin da za su iya ciyar da ƙaramin kamfani a Zariya galibi ba su da kwarjinin da za a ci gasa da su. Makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu da ke fama da bin kuɗin zango da haɗa sakamakon jarrabawa. Mai kemis da magani ke lalacewa a kanta bai sani ba sai ranar da ya ɗauko wa mai saye. Telan da ya karɓi ɗinkin Sallah na mutum ɗari, awon wani ya ɓace, shaddar wani ta haɗu da ta wani, ya kashe waya ranar jajibiri. Masu gidajen hayar ɗalibai a Samaru da rigimar wa ya biya, wa bai biya ba. Kuma duk wanda zai gina wa waɗannan mutane abu, ya tuna da yawansu saƙon murya suke turawa a WhatsApp, da Hausa, wasu ma ajami ya fi musu boko sauƙi. Manhajar da ke tambayar adireshin imel da Turanci a shafin farko ta riga ta sallami rabin kasuwa.

Wani amfanin zama kusa da mai saye shi ne shi zai faɗa maka ainihin abin da ka gina. M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya, da aka fara gwada ta, don biyan ƙananan basussuka aka yi ta. Sai aka ga mutane na amfani da ita suna tura wa junansu kuɗi, masu ita suka bi mutane, aka ƙaddamar da ita a kan haka a 2007. Instagram ma daga wata manhaja mai tarkace da yawa mai suna Burbn ya fito, da masu ita suka ga hotuna kaɗai jama'a ke so sai suka zubar da sauran. Wanda ya rufe kansa shekara guda yana gini, yana ɓoye dabararsa kada a sace, ba zai samu wannan gyaran ba. Ni kam ban taɓa ganin wanda satar dabara ta kashe wa kamfani a garin nan ba. Waɗanda rashin mai saye ya kashe wa kuwa, ba sa ƙirguwa.

Sai zancen barin makaranta, wanda ya kamata a faɗe shi a fili tun da akwai iyayen da ke kwana da shi a rai. Bill Gates ya bar Harvard, haka ne. Amma mahaifinsa babban lauya ne, ya fara taɓa kwamfuta tun yana makarantar sakandare a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da yawancin jami'o'in duniya ba su da ita, kuma mahaifiyarsa ta zauna a kwamiti ɗaya da shugaban IBM, kamfanin da ya ba Microsoft kwangilar da ta ɗaga shi. Jeff Bezos ya gama jami'a, ya yi aiki mai tsoka a harkar kuɗi, yana da shekara 30 ya fara Amazon, iyayensa kuma suka zuba masa kusan dala 245,000 a 1995. Da sun faɗi, akwai katifa a ƙasa. Ɗan Tudun Jukun da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya masa rajista, in ya bar aji uku ya faɗi, a kan me zai sauka? Akwai ma wani bincike da Pierre Azoulay na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka fitar a 2018, inda suka duba bayanan kamfanonin Amurka suka tarar cewa waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa, matsakaicin shekarunsu 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin ya fi samun nasara. Wato akawun da ya shekara goma sha biyar yana ganin yadda kuɗin makaranta ke ɓacewa, ko ma'aikaciyar jinyar da ta san inda katin marar lafiya ke maƙalewa, sun fi ɗan shekara ashirin kusa da dabarar da za ta yi ciniki. Abin da suka rasa shi ne wanda zai rubuta musu, shi kuma mai rubutun ya rasa wanda zai nuna masa ciwon. Mutum biyu ne da ya kamata a ce sun haɗu, kuma a Zariya sau da yawa a layi ɗaya suke sallar Juma'a. Ɗalibi kuwa ba ya bukatar barin karatu don ya gwada kasuwa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka, duk wanda ke neman lokaci ya same shi har ya gaji.

Kuɗin masu zuba jari shi ne abin da aka fi kwaɗayi, shi ne kuma aka fi rashin fahimta. Irin masu jarin nan na ƙasashen waje suna zuba kuɗi a kamfanoni da yawa suna sane da cewa mafi yawansu za su mutu, fatansu ɗaya ya girma ya mayar da asarar sauran har da riba. Saboda haka kamfanin da ke cin riba daidai gwargwado yana ciyar da mutum ashirin ba shi ne burinsu ba. So suke ka ninka kanka da gudu, ko ka kai ko ka faɗi. In ka karɓi kuɗinsu ka karɓi wannan sharaɗin, ka kuma sayar musu da wani yanki na kamfaninka da wani yanki na ikon yanke shawara. Ga kuma dala. Wanda ya karɓi jari da dala yana ciniki da naira, ya ga abin da ya gani bayan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Cinikinka zai iya ninkawa biyu da naira, a idon mai jarin kuwa baya ka ci.

Kuɗi kuma bai hana mutuwa ba. Kamfanin 54gene, mai binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka, ya tara kusan dala miliyan 45, a 2023 ya rufe. Kamfanonin acaba na manhaja sun zuba babura a Legas, gwamnatin jihar ta hana acaba a manyan sassan birnin a Fabrairun 2020, cikin dare ɗaya Gokada ya koma kai saƙo, OPay kuma ya rufe ORide a shekarar. WeWork, kamfanin hayar ofisoshi na Amurka, da aka yi wa kuɗi dala biliyan 47 a farkon 2019, a Nuwamban 2023 yana gaban kotu yana bayyana karyewa. Ba a gayyatar masu irin wannan labari su yi jawabi a taro, shi ya sa kunnenmu ya cika da na waɗanda suka tsira kaɗai.

Da za a ce in zaɓa wa matasan Zariya kamfani ɗaya su yi nazarinsa, Zoho na Indiya zan zaɓa. Sridhar Vembu da abokansa sun kafa shi a 1996, bai taɓa karɓar kuɗin irin waɗancan masu jari ba, da cinikinsa ya girma har yana gogayya da manyan kamfanonin Amurka wajen manhajojin ofis. Abin da ya fi burge ni shi ne sun buɗe reshe a Tenkasi, wani yankin karkara a kudancin Indiya, suna ɗaukar yaran da suka gama sakandare su horar da su da kansu, daga baya shi Vembu ma ya tattara ya koma ƙauye da zama. Kaya ana rubuta su a karkara, ana sayar wa duniya. Wannan ita ce amsa ta biyu ga masu cewa kasuwar garin nan ba ta da ƙarfi: ba dole ba ne mai sayen ya zama ɗan gari. Haya a Zariya ba ta kai ta Legas ko Abuja ba, masu digiri kuwa ga su nan jibge. Wuta ce babbar matsala, kuma yau wanda ya sa sola da batir a cikin lissafin jarinsa na farko ya rage ta sosai. Amal Hassan ta gina Outsource Global a kan wannan tunani, matasa a Abuja da Kaduna suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki. A Kaduna Sanusi Isma'ila ya buɗe cibiyar matasa masu fasaha ta CoLab tun 2016. Aminu Bakori, wanda ya yi karatu a nan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), shi da Kabir Shittu sun kafa Sudo, mai sauƙaƙa wa wasu kamfanoni fitar da katin biyan kuɗi, har suka samu jarin dala miliyan 3.7 a 2022. Ba a ce ba za a karɓi jari ba. A karɓe shi lokacin da ciniki ya yi yawan da hannunka ya kasa, lokacin ne kake da bakin ciniki da mai kuɗin.

Akwai wata sana'a da ta ɓullo wadda ba ta da suna tukuna, ta yawon gasa. Za ka ga matashi da bayani ɗaya a kwamfuta, bana ya ci na biyu a Kaduna, baɗi ya je Abuja, ya samu tallafin wata ƙungiya, ya yi hoto da babban cek na kwali. Shekara uku yana wannan zagaye, in ka tambaye shi kwastoma nawa ke biyan sa sai ya ce ana kan gwaji. Ba shi kaɗai ke da laifi ba. Alƙalan gasar Turanci mai daɗi suke saya, shi kuma ya koyi sayar musu da shi. Dokar kamfanonin fasaha masu tasowa da aka sa wa hannu a Oktoban 2022 da shirye-shiryen horo na gwamnati duk suna da amfaninsu, amma da masu ba da tallafi za su riƙa neman takardar banki mai nuna kuɗin da kwastomomi suka shigar kafin su saki kaso na biyu, da an ga canji cikin shekara guda.

Abin da ke kashe kamfani bayan ya fara samun ciniki kuwa, a wurinmu, kunya ce. Abokai uku sun fara abu tun suna ɗaki ɗaya, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce kason wa nawa ne, domin kada a ce ya cika son kuɗi. Sai ɗaya ya tafi bautar ƙasa ya samu aiki a Fatakwal bai ƙara waiwayowa ba, biyun suka yi ta wahala shekara huɗu, ranar da kuɗi ya shigo ya dawo ya ce kashi ɗaya cikin uku nasa ne. A dangi za a kai ƙara, a ce ku ji tsoron Allah, tare kuka fara. Masu kamfanonin Amurka sun sha wannan, rigimar Zuckerberg da Eduardo Saverin har kotu ta kai, shi ya sa suka saba da wani tsari: kason kowa ba ya zama nasa gaba ɗaya ranar farko, yana samunsa ne kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin cikar shekara ɗaya kuwa ya tafi hannu rabbana. Ba sai mun aro hujjar rubutu daga wurinsu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. A garin da kowace unguwa ke da zauren karatu, abin mamaki ne a ce rubuta yarjejeniya ya zama alamar rashin yarda. A yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a buɗe wa kamfani asusunsa daban, mai kamfani ya yanka wa kansa albashi ya tsaya a kai. Gudummawar biki da kuɗin maganin gwaggo daga albashin za su fito.

Wannan ɗabi'ar rubuta komai ce kuma za ta buɗe ƙofar da ta fi ta Amurka kusa. Attajiran Zariya kuɗinsu na tafiya fili da gidan mai da jerin shaguna, ana kuma yawan zarginsu da rashin hangen nesa. Ban cika yarda da zargin ba. Alhajin da ya ɗauki yaro ya riƙe shi shekara bakwai a shago sannan ya yaye shi da jari, ya san zuba jari a kan mutum sarai, kuma mudaraba da musharaka ba baƙin kalmomi ba ne a kunnensa. Abin da ba zai yi ba shi ne ya ba da miliyoyi a kan hoton da aka haska a bango. Ka je masa da littafi, ka ce Alhaji ga makarantu goma sha biyu da ke biyana duk zango, ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita, ga lambobinsu ka kira ka tambaya, za ka ga ya gyara zama.

Saura hukumomi, su ne kuma nake ganin nauyi ya fi hawa kansu. Ana ba da labarin yankin fasahar Kalifoniya kamar yara ne kawai a gareji, ana mantawa da wanda ya fara saye. Wani malami a jami'ar Stanford, Frederick Terman, shi ya ƙarfafa wa ɗalibansa Hewlett da Packard gwiwa suka kafa kamfani a 1939, jami'ar kuma ta ware filinta don kamfanoni su zauna kusa da ita. A farkon shekarun 1960, mafi yawan ƙananan ƙwaƙwalwan lantarkin da ake ƙerawa sojan Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ne ke saye, lokacin da tsadarsu ta fi ƙarfin kowa. Google ma daga binciken ɗalibai biyu a Stanford ya fito a 1998, jami'ar ta riƙe haƙƙin ƙirƙirar ta karɓi hannun jari, ta sayar da shi daga baya a kan dala miliyan 336.

Ka ƙirga abin da ke Zariya. ABU tun 1962, da asibitin koyarwa na Shika, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da cibiyar fasahar sufuri ta NITT, da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT, da cibiyar fasahar fata, da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, da tsohuwar kwalejin horon malamai ta FCE. Kowacce na bukatar manhajar rajista, da ta biyan kuɗi, da ta ajiyar bayanai, da ta rabon ɗakunan kwana, kuma kowacce na da kasafin saye. Ba na cewa a ba yaro aikin da ya fi ƙarfinsa don kawai ɗan gari ne, bayanan marasa lafiya ba abin gwaji ba ne. Amma akwai ƙananan ayyuka birjik da sashe ɗaya ko tsangaya ɗaya za ta iya ba ƙaramin kamfani na tsofaffin ɗalibanta, a gwada zango guda, in ya yi a faɗaɗa, in bai yi ba a sallame shi. Takardar da ke nuna cewa wata tsangaya ta ABU na amfani da kayanka tana biya, ta fi kowane kofin gasa nauyi in ka shiga ofis a Kano ko Abuja.

Sharaɗin shi ne a biya a kan lokaci. Babban ɗan kwangila zai iya jiran wata tara fayil na yawo daga tebur zuwa tebur, domin yana da wasu hanyoyin. Kamfanin mutum huɗu da ke biyan haya da data da albashi, wata uku ba biya ya isa ya watsa shi, mafi ƙwarewarsu ya karɓi aikin wani kamfanin waje da ke biyan dala, sauran su koma neman aikin gwamnati. Duk hukumar da ke son taimaka wa waɗannan yara, kafin ta kira taron bita ko ta gina musu cibiya mai gilashi, ta rubuta a cikin takardar kwangilar cewa za ta biya cikin kwana talatin da karɓar aiki, ta kuma sa sunan jami'in da za a tuhuma in kwanakin suka wuce.